Ruwan da Aka Kawo Daga Lyon

Jirgin ƙasan bai yi minti goma da barin tashar Lyon ba mai duba tikiti ya tsaya a kan Raliatou, ya nuna jakar sanyin da ta rungume a cinya, ya ce a ɗora ta sama wurin kaya. Ta ce masa ba za ta ɗoru ba. Ya tambayi abin da ke ciki, ta ce ruwan teku ne da dabbobi bakwai. Ta buɗe jakar, ta warware farin mayafin da ta naɗe kwalbar da shi don kada ta bugu. Mutumin ya leƙa, ya sake leƙawa, bai ga komai ba sai ruwa garau. Ya yi mata irin kallon da ake yi wa wanda ba a son jan magana da shi, ya wuce.

Ba laifinsa ba ne. Ko ɗaya daga cikin dabbobin nan ba ta kai ƙwayar wake ba, kuma jikinsu kusan duk ruwa ne, ba jini, ba ƙashi, ba launi. Sai an ɗaga kwalbar an sa ta tsakanin ido da haske, an kuma san abin da ake nema, sannan a hangi layuka takwas masu kama da haƙoran mataji suna kaɗawa, suna ɗan walƙiya ja da kore, da zare biyu siriri da dabbar ke ja a bayanta. Ba su da suna da Hausa. Ina za su samu, tun da daga Maraɗi zuwa teku mafi kusa tafiyar kwana biyu ce a mota? Raliatou kanta sai da ta shekara ashirin da shida a duniya kafin ta sa ƙafa a ruwan gishiri. Ita dai 'yan mataji take ce musu.

Iri biyu ne suka hana ta sakat. Akwai ɗan gida, wanda masana ke kira Pleurobrachia, ya cika gaɓar tekun Faransa tun fil azal, ba ya damun kowa. Akwai kuma baƙo, Mnemiopsis, da manyan jiragen ruwa suka kwaso daga Amurka, wanda in ya samu wurin zama yake cinye abincin ƙananan kifaye da ƙwayayensu har masunta su rataye koma. In sun girma, ko yaro ya bambance su, don baƙon yakan fitar da leɓɓa biyu manya a gefen baki. Amma suna ƙanana kamar an tsaga kara suke.

Shekara uku ke nan Raliatou tana rubuta kundin digirinta na uku a kan magana ɗaya: cewa baƙon ya fara haihuwa a wani lungun teku na gaɓar yamma inda ba a taɓa ganinsa ba. Madam Perrachon, malamar da ke duba aikinta, ba ta ce ƙarya take ba, ba ta kuma yarda ba. Hujja take so. To, hujjar ce ba ta zama wuri ɗaya. In an zuba wa dabbar maganin adanawa sai ta narke. In an ɗauke ta hoto sai a ga ruwa. Gwajin ƙwayoyin halitta an yi sau biyu, sau biyu ya lalace. In an sa su a tanki don su girma, kwana kaɗan suke yi su mutu. Daga arba'in da ta kamo farkon watan Oktoba, bakwai ɗin nan suka rage, kuma sanyi ya shigo, ba sauran kamu sai baɗi.

Mutum ɗaya ne sa hannunsa zai kashe gardamar, wani tsohon farfesa a Paris mai suna Kervella, wanda ba ya sa hannu a kan abin da bai gani da rai ba. Ƙarshen wata zai yi ritaya ya koma ƙauyensu. Ya ba ta ranar Alhamis ɗin nan, ƙarfe huɗu na yamma. Ranar Litinin kwamitin makaranta zai zauna ya duba ko za a ƙara mata shekara ta huɗu. Madam Perrachon ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in ba takardar Kervella, ba ƙari. In ba ƙari, ba rijista; in ba rijista, takardar zamanta a ƙasar ta mutu ƙarshen Nuwamba. Sai ta tattara ta koma Maraɗi hannu biyu, inda mahaifiyarta ta riga ta gama shaida wa unguwa cewa Dakta na tafe.

Ana cikin wannan, jiya da la'asar tana shirya kwalbar a ɗakin bincike, aka bugo mata waya aka ce Kawu Ilya ya rasu.

Ba kawunta ba ne na jini. Ɗan unguwarsu ne da ya shekara talatin yana tuƙa manyan ma'aikata a Paris. Shi ya tarbe ta a filin jirgi ranar da ta sauka a 2011 da akwati ɗaya da rigar da ba ta tare sanyi. Wata uku ta yi a gidansa na Bobigny, a gefen Paris, tana cin tuwon matarsa Inna Balkisa, kafin ta samu ɗaki a Bron, kusa da Lyon. Bai taɓa fahimtar abin da take karantawa ba, bai kuma taɓa fasa tambaya ba. In ta bugo waya sai ya ce, “Ya majinar tekun taku, ta girma?” Ta so shi ƙwarai, kuma jiya ta yi kuka a tsaye, hannunta ɗaya riƙe da murfin kwalba.

Lissafinta mai sauƙi ne. Jirgi zai isa Paris sha biyu saura. Ƙarfe uku maza za su tafi asibiti wankan gawa, jibi a sa ta a jirgin Yamai. Ba yadda za a yi a ce ta yi awa huɗu a garin ba ta taka gidan ba. Ɗakin binciken Kervella a kulle yake sai ya zo, wurin ajiyar kaya na tasha kuma zafi gare shi. Saboda haka za ta tafi da kwalbar, ta yi gaisuwa minti ashirin, ta fito. Duk wanda ya taɓa shiga gidan makoki na mutanenmu ya san minti ashirin ɗin nan zance ne kawai, ita ma ta sani.

Da ta isa gidan Kawu ta tarar na'urar hawa benen ta lalace, da ƙafa ta hau hawa bakwai, tana tallabe da jakar kamar jariri. Tun daga hawa na biyar take jin muryoyi. Takalma sun cika barandar har bakin ƙofar maƙwabta. A ƙofar gidan kuwa Hajiya Fatou ce tsaye, mace mai jiki da murya, wadda ba a suna, ba a biki, ba a mutuwa a tsakanin 'yan Nijar na wannan yanki sai da ita. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma wanda ya isa ya sauke ta.

“Raliatou ce? Yanzu kike tahe? Ya haƙuri?”

“Da godiya, Hajiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.”

“Amin, amin. Kawo kayan nan. Ba a shiga wurin mai takaba da jaka a gaba kamar 'yar talla.”

Raliatou ta ɗan ja baya. Bayanta mata uku na jiran shiga. Ta so ta yi bayani, amma wane bayani? A bakin ƙofar mamaci, gawarsa ko wanka ba a yi mata ba, ta tsaya tana ba da labarin karatunta da ƙwarin ruwa? Kunya ta hana ta.

“To, Hajiya, don Allah a hankali. Ruwa ne ciki. Kada a girgiza, kada a aje shi kusa da zahi.”

“Daga Lyon kika ɗauko shi?”

“Daga Lyon.”

Hajiya Fatou ta yi bisimilla, ta karɓi jakar da hannu biyu, ta shige da ita kicin tana tafiya a hankali yadda ba a saba ganinta ba. Raliatou ta ji daɗi, ta ce a ranta ashe matar nan tana jin magana.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tun jiya kukan Inna Balkisa ɗaya ne. Kawu Ilya ya mutu bai je Makka ba. Shekara huɗu yana niyya, ciwo na mayar da shi. Har farin yadin likkafaninsa ya saya ya ajiye a ƙasan akwati, ya ce da hannunsa zai tsoma shi a zamzam in Allah ya kai shi. Allah bai kai shi ba. Inna Balkisa ta ce ko yayyafi ne a samu a yi wa yadin, kada ya tafi haka. Hajiya Fatou ta buga waya Paris kaf, ta buga Lyon inda aka ce wasu alhazai sun sauka makon nan. Kowa ya ce zai duba. Har safiyar nan ba wanda ya kawo ko cokali ɗaya.

Inna Balkisa na zaune a kan katifa a ƙasa cikin ɗakin ciki, ta rame cikin kwana ɗaya. Da ta ga Raliatou sai ta miƙo hannu, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa.

“Ɗiyata, Kawunki ya tahi. Shekaranjiya ma sai da ya yi zancenki. Ya ce in kin gama lakwal, kin ƙare karatun nan, shi zai tuƙa ki zuwa wurin bikin.”

Suka yi kuka tare, matan ɗakin na ta cewa a yi haƙuri, addu'a yake buƙata. Da ta ɗan natsu aka ce ta je ta gaida maza a gidan maƙwabci, ƙofa da ƙofa. Can ta durƙusa a bakin ƙofa, ta tarar malam ya ɗaga hannu, ba halin tashi sai ya shafa. Da ya shafa, wani dattijo ya gane ta, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi yayyenta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya ba da labarin yadda suka yi makarantar allo da mahaifinta. Aka kira azahar. Matar maƙwabcin ta shimfiɗa mata darduma, ta ajiye mata shinkafa, ta rantse sai ta ci ko loma uku. Raliatou na ci tana satar kallon agogo. Biyu da 'yan mintoci. Da sauran lokaci, awa ɗaya ta ishe ta zuwa wurin Kervella.

Ƙanshin turare ne ya fara tarbarta da ta koma. An ture kujerun falo gefe, an shimfiɗa leda a ƙasa, a kanta an baza farin yadi. Mata sun kewaye shi a tsaye, suna salati ƙasa-ƙasa. Inna Balkisa ta fito daga ɗaki, tana durƙushe gaban wata farar roba, tana tsoma hannu tana yayyafawa. Kusa da ita Hajiya Fatou ce, mayafin Raliatou a kafaɗarta, kwalbar a hannunta ba murfi, tana ƙara ruwa a robar kaɗan-kaɗan.

Raliatou ta tsaya a bakin ƙofa.

Daga inda take tsaye tana ganin yadin sarai. Ruwan yana sauka yana shigewa, yana barin tabo mai duhu. Amma nan da can akwai ɗigon da ya ƙi shiga, ya tsaya a kan yadin, kumbure, yana sheƙi. Ta ƙirga huɗu. Inna Balkisa ta kai tafin hannu ta shafe ɗaya, ta shafe na biyu, a hankali, yadda ake gyara wa mai barci mayafi. Sauran, in suna cikin robar, an riga an tsiyaya musu turare.

“Ga ta nan,” in ji Hajiya Fatou. “Ga wadda ta hidda mu kunya. Yarinyar nan ko hwaɗi ba ta yi ba, ta miƙo mini kawai ta shige. Da na buɗe na gani, sai da na zauna.”

Inna Balkisa ta ɗago. Fuskar da Raliatou ta bari ɗazu ba ita ce wannan ba. Har yanzu hawaye take, amma wani abu ya sauka daga kanta.

“Raliatou, zo nan. Ke Allah ya aiko. Jiya na ce ya Rabbi, bawanka bai samu zuwa ɗakinka ba, kada ka hana shi ruwan. Ashe kina can kina naɗe shi cikin mayahinki. Wata uku kika ci tuwona, yau kin biya ni abin da ɗiyan cikina ba su iya ba.”

Ta shafa jiƙaƙƙen hannunta a fuska, har kan leɓe. Raliatou ta zuba mata ido, tana jiran ta ji gishirin. Amma matar da ta kwana ta wuni tana kuka ba ta jin gishiri a leɓenta, kuma turaren ya rufe sauran.

Maganar tana nan a bakin Raliatou, gajeriya ce ma. Inna, ba zamzam ba ne. Ta san ruwan teku mai tsarki ne, ba abin da ya ɓaci a shari'a, kowane malami a ɗakin can zai faɗi haka. Amma ba tsarki Inna Balkisa ke gode wa Allah a kai ba. In ta faɗa, za a tambaye ta to mene ne, ta ce ruwan bincike ne da dabbobi a ciki, kuma abin da Inna ta shafe da hannunta gawarsu ce. A gaban mata ashirin, da wayoyi ashirin. Kafin magariba labarin ya isa Maraɗi, kuma har abada in an tuna mutuwar Kawu Ilya da wannan za a tuna.

Ta dubi kwalbar. Saura kamar kofi ɗaya a gindinta. Huɗu a kan yadi, bakwai ta kawo. Hajiya Fatou ta karkata hannu za ta juye.

“Hajiya,” in ji Raliatou. “A rage mini kaɗan.”

Hajiya Fatou ta tsaya da hannu a karkace.

“A rage miki? Ke da kika kawo wa mamaci, kuma ki dawo ki ce a rage?”

“Na ƙasan nan kawai. Don Allah.”

“Ba ta, Hajiya,” in ji Inna Balkisa. “Yadin ya jiƙa, ya isa. Ita ta sha wahalar ɗauko shi.”

Hajiya Fatou ta taɓe baki, ta sa aka miƙo ƙaramin kofin gilashi na shayi, ta tsiyaye sauran ruwan a ciki tas, ta miƙa mata. Raliatou ta karɓa da hannu biyu, ta juya wajen taga kamar mai neman alƙibla, ta ɗaga kofin daidai idonta.

Ɗaya ta rage. Babbar cikinsu ce, wadda ta fi sauran cin abinci a tanki. Tana nan da rai, tana juyi a hankali, layukanta takwas na kaɗawa, hasken rana na bin su yana sauya launi. Raliatou ta matso da kofin. A gefen bakin dabbar, dama da hagu, wasu 'yan naɗe-naɗe biyu sun turo, ƙanana, amma ba su ɓoyu ba. Ranar Talata da ta duba ta ƙarƙashin madubin ƙara girman abu babu su. Leɓɓan ne. Ɗan gida ba ya yin su ko zai shekara ɗari.

Baƙon ne. Shekara uku tana faɗa, ga shi a kofin shayi. Kervella ko madubi ba ya buƙata, kallo ɗaya zai yi ya jawo alƙalami. Agogon bango ya ce biyu da minti ashirin. Murna ta taso mata, ba ta iya hana ta ba, ko da yake likkafani na shimfiɗe a bayanta.

Ta miƙa hannu wajen kwalbar.

“Bari in maida shi ciki, in tahi da shi. Zan aje.”

“Ki aje?” Hajiya Fatou ta janye kwalbar. “Ke kaɗai? Ga mai takaba nan ko ɗigo bai shiga bakinta ba. Mu ma tun ɗazu haɗiyar miyau muke, mun bar wa mamaci. Tunda an rage, na kowa ne. Kawo, Balkisa ta fara kurɓa, sannan ya zagaya, kowa ya taɓa harshe.”

Matan suka ce gaskiya ne, suka matso. Wata tsohuwa har ta fara gyara ɗankwali tana bisimilla.

“Hajiya, ɗan kaɗan ne, ba zai isa ba.”

“Albarka ake nema, ba ƙoshi ba. Sau uku na je Makka, na san yadda ake raba shi. Kawo.”

Hannun Hajiya Fatou ya riga ya kama wuyan hannunta. Inna Balkisa ta goge tafinta a zane, ta miƙo shi, tana ɗan murmushi, na farko tun jiya. Kurɓa ɗaya ta isa. Ba mai kai ruwan teku baki ya ɗauke shi zamzam, balle matar da ta je sau uku. In ta saki kofin ya zube, da yatsa za su dangwala su lasa. In ta fizge ta nufi ƙofa, mata ashirin ne tsakaninta da ita, kuma sai ta faɗi dalili. Ko ta wace hanya ta bi, maganar nan sai ta fito, in dai ruwan na nan.

Raliatou ta sunkuyar da kai wajen kofin, ta kafa baki, ta shanye.

Gishirin ya ƙone mata maƙogwaro, ya hau hanci. Ta ji wani abu mai santsi ya wuce, ɗan mitsitsi, bai ko tsaya ba. Cikinta ya yunƙuro, ta danne, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa. Ta karkata kofin har sai da ɗigon ƙarshe ya sauka a harshenta, don kada a samu abin lasa.

Hannun Inna Balkisa na nan a miƙe.

Hajiya Fatou ta saki wuyan hannunta kamar ta taɓa ƙazanta.

“Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. A gaban mai takaba. Hannunta a miƙe.” Ta juya wajen matan. “Kun gani ko? Wannan shi ne karatun. A tura ɗiya ƙasar Turawa ta koyo kanta kaɗai ta sani.”

Ba wadda ta kare ta. Tsohuwar nan ta saki ɗankwalinta ta koma ta zauna. Wata daga baya ta ce a hankali, amma yadda za a ji, ai ta san uwarta, mutuniyar kirki, wannan ba tarbiyyarta ba ce. Raliatou na tsaye da kofi a hannu, idanunta na zubar da ruwa. In ta buɗe baki ba ta san abin da zai fito ba, magana ko amai.

Inna Balkisa ta sauke hannunta a hankali. Ta daɗe tana kallon Raliatou. Abin ya yi mata ciwo, ya nuna a fuskarta, ba ta ɓoye ba. Sannan ta nisa.

“Ku ƙyale ta. Yarinya ce, kuma jarrabawa ke gabanta, Kawunta ya hwaɗa mini. Wanda ke da buƙata ba ya ganin kowa.” Ta juyo. “Zamzam na abin da aka sha shi dominsa ne, ɗiyata. Allah ya ba ki abin da kika sha shi dominsa. Allah ya sa ki gama karatun nan lahiya.”

Matan suka ce amin, wasu da ƙyar.

“Amin, Inna,” in ji Raliatou.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce maza sun shirya. Mata huɗu suka kama gefen yadin suka naɗe shi da danshinsa, aka sa a leda, aka miƙa waje. Raliatou ta ɗauki robar da kwalbar da kofin ta kai kicin kafin wata ta riga ta. Ta buɗe famfo ta ɗauraye su, ta sake ɗaurayewa, ta sa sabulu. Ta cikin taga tana ganin motoci biyu a ƙasa, da maza suna shiga.

Wayarta ta yi motsi a aljihu. Saƙo ne daga Kervella, da Faransanci, gajere. Ya ce ya iso da wuri, ya kunna fitilar madubi, in tana kusa ta zo yanzu.

Ta karanta sau biyu. Ta goge hannunta, ta kashe wayar, ta koma falo. Wurin da ya rage ɗaya ne, can kusa da ƙofa, kuma matar da ke gefen ta janye zanenta da ta ga za ta zauna. Raliatou ta zauna.